Kwat ɗin wa kake nufi?

Ka ce littafin motar nan ya rubuta kwat biyar na baƙin mai, jarkarmu kuma da lita take, shin kwat da lita ɗaya ne? Ajiye wayar nan ka saurare ni, yaro. Kwat ɗin wa? Na Ingila lita 1.14 ne, na Amurka kuwa bai kai lita ba, 0.95 ne. Galan ma haka: na Ingila lita 4.55, na Amurka 3.79. Suna ɗaya, ciki daban.

Wannan bambancin ya taɓa cinye mini aikin wata huɗu, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ban daɗe da buɗe garejina ba wani mutum ya kawo tsohuwar mota ƙirar Ingila a juye mata mai. Littafinta ya ce fayint 12, fayint kuwa rabin kwat ne. Na ɗauko takardar lissafin da ke aljihuna, ashe ta Amurka ce, fayint ɗinsu mililita 473. Na zuba lita 5.7. Fayint ɗin Ingila kuwa 568 ne, wato lita 6.8 motar ke buƙata. Fiye da lita guda babu.

Za ka ce ina geji, sandar nan ta duba yawan mai? Na duba mana, ni ba sakarai ba ne. Ya nuna cike. Ashe gejin na wani inji ne, ya fi na asali tsawo. Mutumin ya sani, kuma ya san motar na yoyon mai ta baya, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ya hau doguwar hanya, a kan hawa mai ya gaza, metal, wato ƙarfen da kiranshaf (babban sandan inji) ke juyawa a kai, ya cinye, inji ya buga. Ya dawo da mutane yana ihu wai na kashe masa mota. Da aka kwance injin kowa ya ga tsohuwar ɓarna a ciki, amma da aka auna abin da na zuba, bakina ya mutu. Ni na sayi kiranshaf, ni na yi aikin kyauta, ko sannu bai ce mini ba.

Nauyi bai da wannan rikici: laba gram 454 ce a ƙasashen biyu, oza 16 ke cikinta, kowace oza gram 28 da ɗoriya. Amma kada ka haɗa ozar nauyi da ozar ruwa. Gas ɗin esi, na'urar sanyaya mota, a kan sikeli ake auna shi, man kwamfiresa kuwa da ozar ruwa. Ku yaran yanzu sai ku danna waya, lambar da ta fara fitowa ku kwasa.

Yadda ake juye mai ba zan tsaya koya maka ba, shekararka biyu a nan. Je ka buɗe shafin farko na littafin nan, ka gano ƙasar da aka buga shi. In Amurka ce, lita 4.7 za ka zuba, kuma ka kawo mini gejin in gani da idona.