Ku Tambaya Mu Amsa: Jibin Farko da Larabar Toka a Makarantar Firamare

Tambaya: 'Yata tana makarantar firamare ta Katolika, shekarunta bakwai da 'yan watanni. An ce za a fara shirya ajinsu don karɓar Jibi Mai Tsarki na farko, wato gurasar da ake tsarkakewa a Misa, babbar sujadar Katolika. Anya ba ta yi ƙanƙanta ba? Kuma me ake bukata daga wajenmu iyaye?
Daga wata uwa

Amsa: Maman yarinya, kwantar da hankalinki. Tun a 1910 Paparoma Pius na Goma ya yanke cewa yaro zai iya karɓar Jibi da zarar ya fara hankali, wato wajen shekara bakwai. Ba a neman ta haddace katakizim, littafin koyarwar Ikilisiya, daga bango zuwa bango. Abin dubawa shi ne ta san gurasar da aka tsarkake Jikin Almasihu ce, dabam take da burodin gida, kuma ta iya karɓa cikin ladabi.

Ki fara da takardar shaidar baftisma, domin a nan ne aka fi samun cikas. Iyaye da yawa sai saura mako guda suke tashi nemanta. In ta ɓace, ki tuntuɓi cocin da aka yi baftismar, sunanta yana cikin rajistarsu, za su ba ki wata. Idan kuwa ba a taɓa yi mata baftisma ba, ki gaya wa Fada, wato firist ɗin cocinku, tun yanzu. Yaron da ya kai shekara bakwai ba a yi masa irin ta jarirai, sai an koyar da shi tukuna, kuma wannan yana ɗaukar lokaci.

Sai ikirari, wato furta zunubai ga Fada, wanda dokar Ikilisiya ta ce ya riga Jibin farko. Yawancin yara tsoro ɗaya ke damunsu: kada Fada ya kai ƙararsu wurin malama ko baba. Ki faɗa mata a fili cewa Fada ba shi da ikon bayyana abin da ya ji ga kowa, ko da Bishop ne ya tambaya. Kada ki rubuta mata jerin laifuffukanta, kada kuma ki tsare ta da tambaya bayan ta fito. Malamai su ma su ja layin masu jira nesa, yadda ba wanda zai jiyo maganar wani.

A ranar, ba za ta ci komai ba na awa ɗaya kafin karɓa. Ana lissafin awar daga lokacin karɓar Jibin, ba daga farkon Misa ba, kuma ruwa da magani ba sa karya ta. Don haka ki ba ta karin kumallo da wuri. Yaran da ke yanke jiki su faɗi a coci galibi yunwa ce da doguwar tsayuwa. Inda ake karɓa a hannu, ta ɗora tafin hagu a kan na dama, ta ce "Amin", ta ɗauka da dama ta ci nan take a gaban Fada, kada ta tafi da ita mazauninta. Makaranta takan yi gwaji da gurasar da ba a tsarkake ba, amma lalle a bayyana wa yara hakan, in ba haka ba wasu su koma gida suna cewa sun riga sun karɓa. Batun farar riga kuwa, mai tsabta ta wadatar, ba sai an ci bashi ba.

Tambaya: A ajina akwai yaran da ba 'yan Katolika ba. Yaya zan yi da su lokacin Misar makaranta?
Daga wani malami

Amsa: Malam, su zauna tare da 'yan ajinsu, su saurari karatu, su yi waƙa in suna so, amma ba za su karɓi Jibi ba. Ka yi musu wannan bayani a aji tun kafin ranar, domin hana yaro a tsakiyar layi kunyatarwa ce. A wasu wurare sukan fito da hannuwa a gicciye bisa ƙirji Fada ya sa musu albarka, sai dai ka tambayi Fadanku ko haka yake yi. Majalisar Vatican ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, ta bayyana a 1965 cewa ba a tilasta wa kowa a sha'anin addini, saboda haka kada a matsa wa yaro ya yi alamar gicciye ko ya ja rosari, carbin addu'ar Katolika.

Tambaya: Shin 'yan firamare za su yi azumi ranar Larabar Toka?
Daga wani uba

Amsa: A'a, Baba. Azumin yana kan wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60, ƙaurace wa nama kuma daga shekara 14 yake farawa. Ka ba yaronka abincinsa ya tafi da shi makaranta. In yana son ya yi wani abu a kwanaki arba'in na tuba da ke farawa da Larabar Toka, ya bar alewa ko ya riƙa ajiye ɗan abin da zai taimaki mabukaci. Tokar dai kowa na iya karɓa a goshi, har wanda bai yi baftisma ba, kuma daga ganyen dabinon da aka sa wa albarka a Lahadin Dabino ta bara ake ƙona ta.