Yadda muke riƙe kuɗin tsofaffinmu a zangon Kumasi

Yaya, ka tambaye ni ko da gaske ne a nan wurinmu 'ya mace ke riƙe kuɗin mahaifiya alhali babban wa yana raye, kuma ko hakan ba ya jawo magana. Gaskiya ne, haka abin yake a gidaje da yawa na Aboabo da Asawase, har da namu. Ba a ture babba ba. Idan maganar gida ce ko fili, shi ake fara kira. Amma babban yana Akara ko Italiya ko Amurka yana nema, wadda ke kwana kusa da tsohuwa kuwa ita ta san ranar da maganin hawan jini zai ƙare.

Iyayenmu galibi ba su yi aikin albashi ba. Goro suka sayar, ko shanu, ko koko da ƙosai, don haka fanshon hukumar SSNIT ta Ghana da ma'aikaci ke soma karɓa a shekara 60 bai shafe su ba. Abin da ke shigo wa Hajiya, mahaifiyarmu, uku ne: hayar ɗakuna, aiken 'ya'ya, da ɗan abin da ta tara a susu, wato adashinmu na nan. Hayar ce ke da haɗari. A Ghana ɗan haya kan biya shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, sai ka ga kuɗi tuli yau, kowa ya tuna da bukatarsa, sannan a yi wata ashirin ɗakin bai kawo ko kwabo ba. Ranar da aka biya nake raba kuɗin wata-wata a littafi, kuma ba na taɓa rabon watan gaba ko wa ya roƙa.

Littafin nan layi biyu nake ja masa, ɗaya na sabon kuɗi, ɗaya na tsoho. A 2007 aka canza kuɗin ƙasar, aka cire sifili huɗu, sidi 10,000 ya koma sidi 1, amma har yau Hajiya da tsohon kuɗi take lissafi. Sidi 100 a bakinta miliyan ɗaya ne. Idan na dawo daga kasuwa sai ta sa tabarau, ta ɗora yatsa a kan layinta, in karanta mata: shinkafa miliyan kaza, gawayi kaza. Ba na gaggauta ta. Tsohuwar da ta yi rayuwarta tana auna riba a ka, ranar da ta daina gane lissafin kuɗinta ranar take fara jin an ajiye ta gefe.

Aiken 'yan'uwa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, yake shigowa, a layin wayar da aka yi wa rajista da katin ɗan ƙasa na Hajiya, da sunanta. Nawa daban, nata daban, ko aro na ɗauka sai na rubuta. Wayar a hannuna take kwana saboda 'yan damfara masu kira su ce sun turo kuɗi bisa kuskure, a taimaka a mayar; dattijan kirki su ne abincinsu. Ƙarshen wata in ɗauki hoton shafin in tura wa kowa ta WhatsApp. Wanda ke waje yana shan sanyi yana aikowa, haƙƙinsa ne ya gani ba sai ya tambaya ba, domin tambayar ce ke ɓata zumunci.

Asibiti da sauƙi kaɗan. Inshorar lafiya ta NHIS ba ta karɓar kuɗin shekara daga wanda ya kai 70, sai dai a riƙa sabunta katin, kuma ba kowane magani ta ɗauka ba, don haka muna ware na magani daban.

Ka ce Baba ya ƙi banki. Namu ma haka, kuma ni ban ga laifinsu ba. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, mutanen zango suka karyar da kayansu suka tafi. A 1982 aka janye takardar sidi 50 daga hannun jama'a. A 2019 aka soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da lamuni 347, sannan a Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari. Wadda ta ga duk wannan da idonta, in ta ce a bar mata wani abu a 'yan kunnen zinariya ko tumaki, ba na ja da ita. Rabi a banki, rabi yadda take so.

Akwai kuma kuɗin da ba na tambayar inda ya tafi. Duk Juma'a ina sa mata canji a jakarta, na sadaka da na jikoki da gudummawar suna ko ta addu'ar arba'in. A zango ana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma bai kamata Hajiya ta roƙi 'yar da ta haifa kafin ta yi wa ƙawarta gudummawa ba. Dukiyarta ce, ni wakiliya ce, ba gado ba ne tunda tana raye. Zakka ma daga ciki ake fitarwa da saninta.

Gadon kuwa a nan sai an yi hattara, domin dokar 1985, wadda ake kira PNDC Law 111, ita kotu ke bi idan mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, kuma rabonta ba na Musulunci ba ne. Shi ya sa muka zaunar da Hajiya tun hankalinta na garau, gaban malami da lauya da shaidu, aka rubuta a raba bisa shari'a. Ku can da kotunan shari'a ba ku da wannan damuwar, amma littafin ku buɗe shi yanzu, Baba ya zaɓi mai riƙe masa da bakinsa gaban kowa. A gaishe min da shi, Allah ya ƙara masa lafiya.