Amsa: fafe gora ne ko fasa goro?

Ka tambaya wanne ne daidai, "ba a fafe gora ranar tafiya" ko "ba a fasa goro ranar tafiya" da kake ji a bakin abokanka. Na farkon ne daidai, ɗan'uwa. Goran ruwa ake nufi, wanda matafiyi ke ratayawa a kafaɗa. Goro bai shigo cikin maganar ba ko kaɗan.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake fafe gora ba zai rikita su ba. Idan duma ya bushe sai a yanke bakinsa, a ƙwaƙule 'ya'yan da tarkacen ciki, a cika shi da ruwa a bar shi kwanaki, ana zubarwa ana sakewa har ɗacin ya fita. Wanda ya bari sai da safen tafiya, ruwan ɗaci zai sha a hanya. Goro kuwa ai ko a tasha kana iya fasa shi ka miƙa wa na kusa da kai, to ina gargaɗin yake? Abin da ke faruwa, yaranmu sun tashi da jarka da ledar fiya wata, ba su taɓa riƙe gora ba, sai kunne ya ɗauko kalmar da ya saba ji ya liƙa a wurin. Wannan yana damuna sosai. Amma kada ka yi saurin gyara wa kowa: Basakkwace da Bakano sukan faɗi karin magana ɗaya da lafazi daban, kuma duk daidai ne muddin ma'anar ba ta karye ba. A taku dai ta karye, don haka ka gaya musu.