Gwajin jini ya nuna ƙari a fankiriyas, amma hoto bai gan shi ba

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Yayata mai shekara 41 ba ta da ciwon suga, amma kusan shekara guda ke nan da asuba sai ta jiƙe da gumi, jiki na rawa, wani lokaci har ta fita hayyacinta. Da ta sha abu mai zaƙi sai ta dawo. An yi gwajin jini an ce ana zargin ƙari mai suna insulinoma a fankiriyas, to amma sikanin na ciki da CT duk ba su nuna komai ba. Gwajin ne ya yi kuskure, ko ƙarin ne ya ɓuya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya ba ta lafiya. Insulinoma ƙari ne da ke fitar da insulin, wato sinadarin da ke rage suga a jini, fiye da kima. A wannan cuta jini ne ke tabbatar da akwai ƙari, aikin hoto kawai ya nuna inda yake. Ana kwantar da mutum a hana shi abinci har zuwa awa 72 ana auna shi. Idan suga ya sauka ƙasa da 55 mg/dL, insulin da C-peptide (sinadarin da fankiriyas ke fitarwa tare da insulin) kuma suka ƙi sauka, sannan ba a sami maganin rage suga a jininsa ba, to hoton da bai nuna komai ba ba ya rushe wannan sakamako.

Fankiriyas (ba ita ce saifa ba, kodayake ana yawan haɗa su) tana kwance can bayan tumbi. Iskar hanji na tare sikanin da ake yi ta kan fatar ciki, shi kuwa insulinoma kusan tara cikin goma bai kai santimita 2 ba. Rashin ganinsa a nan ba abin mamaki ba ne.

Batun CT ne ke buƙatar bincike, domin ba kowane CT na ciki ne ya dace ba. Irin wannan ƙari yana da yalwar jijiyoyin jini, don haka ruwan haska hoto da ake ɗurawa ta jijiya yana rigan shiga cikinsa, ya haskaka fiye da naman da ke kewaye da shi na ɗan lokaci kaɗan. CT na yau da kullum sau ɗaya ake ɗauka, wajen sakan 70 bayan ɗura ruwan. Kafin nan sauran fankiriyas ta cim masa, launinsu ya zama ɗaya, ƙarin ya saje. Abin da ake so shi ne tsarin fankiriyas: a ɗura ruwan da sauri, mililita 4 zuwa 5 a sakan, a ɗauki hoto wajen sakan 40, a sake wajen sakan 70, yankan hoton kuma siriri, kamar milimita 1. Ruwan sha zalla ake ba marar lafiya ya cika tumbi, saboda farin ruwan hoto na sha yana iya rufe ɗan ƙarin da ke jingine da hanji. Ki duba rahoton, yawanci ana rubuta yadda aka ɗauka.

Idan an yi haka bai fito ba, sai MRI. Mafi ƙarfi a kan ƙananan ƙari kuwa shi ne sikanin ta cikin tumbi: a ba mutum maganin barci, a zura bututu mai na'ura a ƙarshensa ta maƙogwaro har ta jingina da fankiriyas. Yana iya gano ƙarin da bai wuce ƴan milimita ba, a kuma tsakuro nama da allura. Rauninsa biyu ne, ya dogara da gwanintar mai yi, kuma ƙarshen wutsiyar fankiriyas kan yi wuyar gani.

Za ki iya jin an ambaci wani hoto da ake kira PET, mai amfani da sinadarin DOTATATE. Yana da kyau ƙwarai ga dangin wannan ƙari, amma insulinoma da yawa ba sa kama shi sosai, shi ya sa aka ɓullo da wani mai amfani da exendin-4, wanda cibiyoyi kaɗan ke da shi. Na DOTATATE ɗin yana kuma ruɗarwa: ƙasan kan fankiriyas kan haskaka ko lafiya lau yake, ɗan guntun saifa da aka haifi mutum da shi a cikin wutsiyar kuma kan yi kama da ƙari sak.

In duk sun gaza, ana zura siririn bututu ta matsematsi, a ɗura kalsiyam a jijiyoyin da ke shayar da sassan fankiriyas ɗaya bayan ɗaya, ana ɗibar jini daga jijiyar hanta. Sashen da insulin ya ninka biyu, nan ƙarin yake. A ɗakin tiyata ma ana ɗora na'urar sikanin kai tsaye a kan fankiriyas.

In za ku ga ƙwararre, ku tafi da hotunan kansu a faifai, ba rahoton takarda kaɗai ba, tare da sakamakon gwajin ƙoda da ake bukata kafin a sake ɗura ruwan hoto. A auna mata kalsiyam na jini, domin hauhawarsa na iya nuna cutar gado ta MEN1, wadda ƙarinta kan fi ɗaya. Kafin nan kada ta kwanta da yunwa, kada kuma ta yi tuƙi.