An sauya wa kwad salansa ya fara harbi: akwai riba a saita kafireta?

Tambaya: Ina da garejin gyaran moto a Maradi, ina kuma sayar da ƴan kayan gyara. Wani mai garka daga wajen Madarunfa ya kawo mini kwad, moton nan mai ƙafa huɗu. An sa masa babban salansa, an cire murfin akwatin iska. Tun daga nan in an saki wuta sai ya riƙa harbi, inji kuma yana zafi. Ina da jika 150 a ajiye. In zuba su a jiklar da kayan kafireta, in mai da wannan aiki sana'a?

Amsa: Malam, kada ka zuba su duka. Jiklar ɗan guntun tagulla ne mai huda da ke auna man da kafireta ke ba inji, ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Kuɗin yana cikin sanin wace lambar jiklar za a ɗaura, kuma wannan sanin shi za ka sayar.

Abin da ya sami kwad ɗin a fili yake. Babban salansa da buɗaɗɗen akwati sun ƙara iskar da ke ratsa inji, amma man da kafireta ke bayarwa yana nan yadda kamfani ya auna shi. Iska ta rinjayi mai. Shi ne harbin da kake ji da zafin, kuma in ka kwance buji za ka tarar da bakinsa fari fat. In aka ci gaba da tuƙa shi haka cikin rairayi, inda inji ke shan wahala iska kuma ba ta kaɗa shi sosai, bawul zai ƙone ko fistan ya kama.

Kafin ka taɓa jiklar, wanke kafireta tas, ka duba tsayin fulot, ka duba robar da ta haɗa kafireta da inji ko ta tsage. Tsagewar da ido bai cika gani ba tana shigar da iska, sai ka yi ta ƙara lamba a banza. Man kwalba na bakin hanya ma yakan zo da datti ya toshe ƙaramin jiklar, alamun kuma iri ɗaya ne.

Kafireta na da mashigar mai uku, kowace da yankinta. Ƙaramin jiklar da kusar saiti su ke riƙe da inji daga silo zuwa kwatan wuta. Allurar da ke cikin kafireta ta karɓa daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu. Babban jiklar daga nan zuwa ƙarshe. Manna ɗan tef kusa da maɓallin wuta da ake dannawa da babban yatsa, ka zana waɗannan wurare, don ka san a ina ne ciwon yake.

Fara da babban jiklar. Karanta lambar da ke jikinsa, ka hau mataki biyu. In na kamfanin kafireta na Keihin ne mai lamba 130, matakan su ne 132, 135, 138, 140, kuma lambar faɗin hudar ce, 130 na nufin milimita 1.30. Lambobin kamfanin Mikuni ba su tafiya daidai da na Keihin, zaren kusarsu ma daban, don haka kada ka sayi wani a madadin wani. Ɗumama inji, sa sabon buji, ba shi wuta duka a miƙaƙƙiyar hanya na kusan daƙiƙa 20, ka kashe shi nan take ba tare da ya yi silo ba, ka kwance buji. Ruwan ƙasa mai haske kamar shayi da madara, ka dace. Baƙi mai kunkunniya, ga inji yana gurnani a sama, mai ya yi yawa, sauko mataki ɗaya. Gara a fara da mai da yawa a sauko, domin yawan mai buji yake ɓatawa, ƙarancinsa inji yake ci.

Sai allura. Yawanci tana da tsagi biyar da ɗan makulli. In ka saukar da makullin ƙasa, allura ta ɗagu, mai ya ƙaru. Wasu kwad suna zuwa da allura marar tsagi, ita ana sa mata siririn wasa, wato ɗan zoben ƙarfe, na rabin milimita a ƙarƙashi. Kusar saiti kuwa, murɗa ta a hankali har ta zauna, kada ka matsa, sannan ka warware zagaye biyu, ka nemi inda silo ya fi daɗi. In kusar na ɓangaren inji, warwarewa ƙarin mai ne. In tana ɓangaren akwatin iska, warwarewa ƙarin iska ne. In sai ka wuce zagaye uku a kusar mai, ƙaramin jiklar ya yi kaɗan. Abu ɗaya za ka sauya kowane karo, ka rubuta a littafi. Kuma ka rabu da al'adar faɗaɗa huda da waya, hudar da ta faɗaɗa ba ta komawa.

Yanayinmu ma yana da hannu. Iskar watan Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba ta da nauyi, ta safiyar hunturu kuwa tana da shi. Kwad da ka saita daidai wa daida a bazara zai iya ƙarancin mai a Janairu, don haka bar masa ɗan rara. Batun murfin akwatin iska kuma, ni shawarata a mayar da shi. Ƙurar da ke hanyar garake za ta cinye zoben fistan kafin mai shi ya more ƙarfin da ya ƙaru. In ya nace, a sa matatar iska ta soso wadda ake shafa wa mai, a riƙa wanke ta.

Yanzu lissafi. Kwad ba su da yawa a gari, kuma sabbi da dama sun bar kafireta. Yamaha Grizzly 700 da Honda Rancher 420 tun 2007 na'urar lantarki mai fesa mai ke ba su mai, jiklar ba ta da aiki a jikinsu. Saboda haka ware kamar jika 30 zuwa 40 kawai: jerin manyan jiklar da ƙanana na Keihin da Mikuni, buji, robobi, sukudireba masu kyau da ba sa cin kan tagulla. In za ka aika Kano ta Ɗan Isa a sayo maka, ba da tsohon jiklar a tafi da shi, domin na jabu sukan ɗauki lamba ɗaya huda daban. Sauran kuɗin bar su a kayan moto da ke fita kullum. Ilimin nan kuma zai yi maka aiki a kan moton ƴan kabu-kabu da injin ban ruwa, waɗanda masu su kullum kukansu shan mai.

Wajen farashi, raba shi uku ka faɗa wa mai kwad tun farko: kuɗin kaya, kuɗin man gwaji, da kuɗin hannu. Aikin yakan ci rabin yini, ana kwance kafireta sau uku ko huɗu, to kuɗin hannunka kada ya gaza abin da za ka samu a rabin yini kana gyaran moto. Karɓi kuɗin kaya kafin ka fara. Kuma kafin ka sa sufana, auna matsin inji a gabansa ku shaida tare, tunda ya riga ya yi yawo da shi yana zafi. In fistan ya riga ya ji rauni, ya sani tun yau, kada bayan sati biyu a ce saitinka ne ya kashe inji.