Amsa: Tsallaka duwatsun Atlas da mota a Nuwamba

Alhaji, barka da warhaka. Ka tambaya ko za ka iya tuƙi daga Marakesh zuwa Warzazat a Nuwamba, idan ka je duba yaronka da ke karatu a Maroko.

Za ka iya, amma kada ka auna sanyin can da hunturunmu na Maraɗi. Hanyar N9 tana hawa mashigar Tizi n'Tichka, mai tsayin sama da mita 2,200, kuma dusar ƙanƙara kan sauka har hukuma ta sa shinge ta rufe hanya. Ka duba hasashen yanayi tun da dare.

Ku tashi da hantsi, ba da asuba ba. Ruwa kan daskare a kan kwalta, musamman a kwanar da inuwar dutse ta rufe. Za ka ga wurin yana sheƙi, ka rage gudu tun kafin ka isa. Abin da na fi ji maka shi ne gangara, don mu nan mun saba da shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ka sa giya ta biyu, injin ya riƙe motar. In ka dogara da birki kaɗai, zai yi zafi ya saki.

Kilomita kusan 200 ne, amma ka ware awa huɗu. Ka cika tanki, ka duba taya, a sa bargo a baya. Kada magariba ta same ku a saman dutse.