Amsa kan amfani da manhajojin nazarin bayanai a ma'aikatun gwamnati

Malam, ka tambaya ko sayen manhaja mai tsada zai taimaka wa sashen lafiya na ƙaramar hukumarku wajen raba magunguna da ma'aikata. A ganina, kada ku fara da saye. Cibiyoyin lafiya a ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina suna tura rahoton wata-wata cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙirƙiro kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya take amfani da ita, don haka alƙaluman da kuke buƙata suna hannunku. Idan aka zuba su a Excel, aka jera adadin masu zazzaɓin cizon sauro na kowace cibiya wata bayan wata, za a ga yadda yake hauhawa da damina, a kuma gane inda ya kamata magani ya isa tun kafin Yuli.

Inda gizo ke saƙar shi ne rajistar da ake cikawa da hannu. Idan ma'aikaci ya bari sai ƙarshen wata ya cike gurbi da ƙiyasi, ko cibiya ta turo adadi iri ɗaya watanni uku a jere, manhaja za ta zana jadawali mai kyau a kan ƙarya. Haka kuma, yawan jama'ar da ake auna komai da shi hasashe ne daga ƙidayar 2006, saboda haka idan kuka ga rigakafi ya wuce kashi 100 cikin 100 a wata mazaɓa, ku binciki lissafin kafin ku yi murna. Sayen manhaja irin Power BI, ta nazarin bayanai ta kamfanin Microsoft, yana iya jira har sai an horar da jami'in da zai riƙa tantance rahotannin.